Mai Gadin Kwari

Shekara goma sha tara ina gadi a Kantin Kwari.
Na san kukan kwaɗo idan baƙon makulli ya taɓa shi,
na san takun ɓarawo, na san na mai neman makewayi.
Ko yadi ɗaya na shadda bai taɓa ɓata a layina ba.
Alhazai kan ce: "In Ɗanjuma na nan, barci har da minshari."

A gida kuwa, can Kurna,
da hannuna na dasa kwalabe a kan katanga,
na sa wa ƙofar zaure sakata biyu,
na ce wa Mudassir: "Kiran magariba ya same ka a ciki."
Bai taɓa saɓa mini ba.
Sai in ɗauki tocila da gora in fita, zuciyata wasai.

Ashe ƙofar da ban kulle ba
tana ƙarƙashin matashinsa,
faɗinta bai wuce tafin hannu ba.
Ni na sayo ta a Fam Santa, 'yar ta-hannu,
wai don aikin makaranta.

Wanda ya shigo bai haura katanga ba.
Sallama ya yi, da ladabinsa.
Ya ce shekarunsa sha uku, shi ma ƙwallo yake so,
shi ma malamin lissafi ya sa shi a gaba.
Ya turo katin ɗari biyar. Ya turo na dubu.
Wata biyu yana watsa tsaba
kamar mai son kama tattabarar maƙwabci,
kafin ya ce: "Turo hotonka.
A'a, cire rigar.
Kar Baba ya ji, tsofaffi ba sa gane wasa."

Zinatu ce ta fara lura.
Tuwo yana kwana a kwanon yaro,
'yan layi su yi ta kira, ya ce kansa ke ciwo,
waya ta yi ƙara, ya zabura kamar ya taka garwashi.
Ran Alhamis na dawo da asuba na tarar da su zaune,
ita da shi, da wayar a tsakiya.
Ta karanto mini, muryarta na rawa:
"Ko ka zo Ƙofar Ruwa ran Asabar kai kaɗai,
ko hoton ya zaga ajinku."

Hannuna ya tashi, ba zan ɓoye ba.
Zinatu ta ce: "Doke shi mana,
ka taya ɓarawo rufe masa baki.
Gobe in ta sake faruwa, wa zai gaya wa?"

Hannun ya yi mini nauyi. Na sauke.
Na zauna a tabarma har gwiwata ta taɓa tasa,
na ce: "A Kwari ba a kama mai shago don an yi masa sata.
Kai aka shiga wa. Ni ne mai gadin da ya yi gyangyaɗi."
Nan ya fashe da kukan da ya haɗiye mako uku.

Ba mu goge ko harafi ba.
Muka kai wa 'yan sanda, shugabar makarantarsu ta raka mu.
Asabar ta zo ta wuce, Ƙofar Ruwa ba ta gan shi ba.
Ko an kama mutumin? Har yau ban sani ba.

Yanzu waya a ɗakin uwarsa take kwana.
Bayan la'asar shi ne malamina:
nan ake toshe mutum, nan ake kai ƙara,
babban yatsana yana danna biyu a wuri ɗaya,
yana yi mini dariya. Dariyar ta dawo.
Kafin in fita nakan ce: "Wa ya yi maka sallama yau?"
Ya san ba ta zaure kaɗai nake nufi ba.

Da dare ina zaga layi, ina girgiza kwaɗuna ɗaya bayan ɗaya.
Duk a kulle.
Sai in hango ɗan mai shayi a lungu,
hasken gilashi ya wanke masa fuska,
yana murmushi da wanda ban gani ba.
Gobe zan yi wa ubansa magana.